Yadda zaka kayar da Malenia a Elden Ring, tun daga neman hanyarta har ta faɗi

Duk wanda ya daɗe yana buga gem yana da bos ɗin da baya mantawa dashi. Wasu Zeus ne na ƙarshen God of War 2 zamanin da PS2 ke tashe a gidajen gem, wasu Psycho Mantis na Metal Gear Solid na 1998 wanda sai ka zare fad daga rami na ɗaya ka mayar na biyu kafin ka iya taɓa shi don wai yana karanta tunaninka, wasu kuma Ornstein da Smough na Dark Souls su biyu a kanka kai kaɗai. Amma a wajena babu wanda ya kai Malenia ta Elden Ring, gem ɗin da kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar a watan Fabrairun 2022. Kuma ba ni kaɗai ba, da gem ɗin ya cika shekara ɗaya Bandai Namco sun fitar da lissafi cewa an shiga faɗa da ita sau miliyan 329, ita ce ta ɗaya a duk bosawan gem ɗin, alhali ma ba dole bace, kana iya gama labarin gaba ɗaya baka ko ga fuskarta ba.

Abinda ya raba ta da sauran abu ɗaya ne kuma ina so ka riƙe shi tun yanzu domin duk abinda zan faɗa a ƙasa a kansa yake: duk saran da ta yi maka jininta ƙaruwa yake. Ko ka tare da garkuwa, in dai takobinta ya sauka a kanka to ta samu. Wato a faɗan nan sara ɗaya da ka bari ya same ka asara biyu ce, naka ya ragu nata ya dawo, shi yasa zaka ga mutum ya kai ta rabi yana murna kafin ya ankara ta cika fal kamar ba'a taɓa ta ba.

Mataki na farko, ka nemo hanyar

Wurin nata a ɓoye yake, sai ka haɗa ɓari biyu na wata lamba mai suna Haligtree Secret Medallion. Ɓarin dama yana Liurnia, a ƙauyen Village of the Albinaurics, wajen wani tsoho Albus da ya ɓoye kansa cikin siffar tukunya a can saman ƙauyen, ka bugi tukunyar sau ɗaya zai bayyana kayi masa magana ya baka. Ɓarin hagu yana Castle Sol a Mountaintops of the Giants kuma sai ka kayar da Commander Niall kafin ka hau ka ɗauka. Shi Niall sojoji biyu yake kira da an fara, ka gama da su tukunna musamman mai takobi biyu, ko in kana da Bewitching Branch ka soka musu su juya su yaƙi ubangidansu.

In ka haɗa su ka koma Grand Lift of Rold. A nan mutane da yawa ke ruɗewa, in ka tsaya kan lif ɗin kar ka danna kai tsaye, ka canza zaɓin da kibiyar hagu ko dama har ya nuna lambar sirrin sannan ka ɗaga. Zai sauke ka ta wata hanyar ƙarƙashin ƙasa ka fito Consecrated Snowfield, fili ne na ƙanƙara da hazo ko gabanka baka gani da farko, ka miƙe arewa har garin Ordina. A Ordina zaka shiga wani kurkukun tsafi ka kunna fitilu guda huɗu, akwai maharba a saman rufi kuma akwai makasa da ido baya ganinsu sai in kana riƙe da Sentry's Torch, shawarata kar ka tsaya faɗa da kowa, gudu kawai ka kunna ka wuce. Daga nan ƙofa ta buɗe sai Haligtree, ka sauko ta rassan bishiyar a hankali don faɗowa tafi kashe mutane a wajen fiye da maƙiya, ka kayar da Loretta, ka shiga Elphael ka dinga yin ƙasa har Drainage Channel.

Kafin ka sauka lif na ƙarshe dan Allah ka tsaya ka ɗauki Dragoncrest Greatshield Talisman. Daga Drainage Channel in ka bi rassa zaka iya dira kan rufin babban ginin nan, akwai ɓula a rufin, ka shiga ta kan katakan sama zaka ga akwati da ƙwarin nan masu harbin zare suna gadinsa. Layar tana rage maka zafin sara da kashi 20 cikin ɗari, kuma Malenia kusan duk aikinta sara ne. Sai ka sauka Haligtree Roots ka kunna wurin hutawa, ƙofar hazon tana nan kusa, ko ka mutu ba wata tafiya zaka sake ba.

Mataki na biyu, gyara jikinka da kayanka

Ka kashe duk runes, wato kuɗin gem ɗin, da ke hannunka kafin ka shiga, kar ka shiga da dukiya a aljihu hankalinka ya rabu. Lebul ni ina ganin daga 120 zuwa 150 ya isa, amma abinda yafi lebul muhimmanci shine ina ka zuba shi. Vigor, wato makin da ke ƙara jini, ya kai 60 in da hali, a nan jininka ke kaiwa 1900, wanda ya tsaya a 40 yana da 1450 ne kuma bambancin nan shine tsakanin ka tsira da ɗan guntun jini ka sha magani ko ka ga rubutun mutuwa. In ka riga ka watsa maki a wuraren banza ka je wajen Rennala a Raya Lucaria da Larval Tear ta sake maka rabo. Kwalaben magani su kai 14 in ka tattara iri da yawa, ƙarfinsu ya kai +12, kuma in kai ba mai tsafi bane kusan duka ka mayar da su ja, wato masu dawo da jini.

Nauyin kaya kar ya wuce kashi 70 cikin ɗari, in ya wuce birgimarka ta zama ta mai ɗauke da buhu kuma wlh baka da rabo a faɗan nan. In zaka iya saukowa ƙasa da kashi 30 ma yafi, birgimar tafi nisa tun gyaran da suka yi na 1.06, sai dai sulkenka zai yi sauƙi sara zai fi shigarka, kai zaka auna.

Makami kuwa ya kai ƙarshensa, +25 in na duwatsun yau da kullum ne, +10 in na Somber ne. Malenia bata jure abu biyu, zubar jini da sanyi. Duk makamin da ke tara zubar jini kamar Uchigatana ko Nagakiba ko Rivers of Blood, in ya cika zaka ga wani babban yanki na jininta ya tsinke lokaci ɗaya. Rivers of Blood an rage masa ƙarfi a 1.06 amma har yanzu yana aiki, wajen Okina ake samu kusa da Church of Repose, kuma ka karɓa kafin ka kashe Fire Giant don bayan nan baya fitowa. Sanyi shima yana cire mata yanki kuma ya sa saran da ya biyo baya yafi shigarta. Wata hanyar kuma manyan makamai, gudumomi da manyan takubba, domin ita bata da nauyin tsayuwa, sara mai nauyi yana katse ta kuma in ka tara mata saran tsalle da R2 na fad ɗin PlayStation sau kaɗan zata durƙusa ka samu sukan ciki. Masu Blasphemous Blade na Rykard su a da wutar L2 ɗinsu kayar da ita ƙasa take yi, abin har ya so yayi sauƙi. Masu tsafi kuma ku sani tana gocewa yawancin abinda aka harbo mata, Night Comet na Sellia ne bata gani.

Sai guzuri. Preserving Boluses don ruɓar Scarlet Rot da zata zo a zagaye na biyu, ko addu'ar Flame, Cleanse Me wadda Faith, wato makin addu'a, 12 kawai take nema. A kwalbar haɗi ka zuba Opaline Hardtear ko Opaline Bubbletear. Addu'ar ƙarin ƙarfi ta Golden Vow in kana da Faith 25, sai ka ɗora dafaffiyar ƙaguwar Boggart ko Flame, Grant Me Strength, ɗaya daga ciki fa, don su biyun basa zama tare, na bayan yana goge na farkon. Sannan Freezing Pot, ka haɗa ko guda biyu ne, zan faɗi amfaninsa in mun zo wajen.

Maganar kiran taimako

Wasu na ganin kiran ruhi a faɗan nan kamar abin kunya ne. Ni ban yarda ba, masu gem ɗin ne suka saka shi kuma don a yi amfani dashi suka saka. Sai dai ka san cewa Malenia tana shan jini a jikin ruhin naka kamar yadda take sha a naka, don haka ruhi mai tsayawa yana shan sara abinci kawai ka kawo mata. Biyu ne suka dace. Mimic Tear na Nokron wanda yake kwaikwayon kayanka gaba ɗaya, jini 660 yake ci wajen kira ba shuɗin layi ba, ka kira ka sha kwalba nan take tun tana takowa a hankali. Sai Black Knife Tiche mai cin FP 132, wato shuɗin layin tsafi, ita ta iya gocewa sosai kuma jar wutarta tana cin jinin Malenia a hankali. Ko wanne ka ɗauka ka kai shi +10.

Kiran mutum ta intanet kuma yana ƙara mata jini, kuma a PlayStation sai kana da PS Plus, sannan in netwok ɗinka yana rawa zaka ga sara ya same ka bayan ka riga ka goce, wannan ba laifin hannunka bane. A wannan fagen ne wani ɗan wasa da ake kira Let Me Solo Her yayi suna, tukunya a kai, takubba biyu, ba sulke, ya taya mutane kashe ta sama da sau dubu har Bandai Namco suka aika masa takobi na gaske. Ka nemi bidiyonsa ka kalla, ba don burgewa ba, ka kalli ƙafarsa da inda yake tsayawa da kuma yawan lokacin da yake yi baya kai sara ko ɗaya.

Mataki na uku, ka shiga don koyo tukunna

Wannan matakin shi mutane suke tsallakewa kuma shi yafi komai. Shigarka na farko-farko kar ka kira kowa, kar ka sha kayan ƙarin ƙarfi, kar ma ka kai sara. Ka kulle ta da R3 ka tsaya ka dinga gocewa kawai da O kana kallon hannunta. Zaka mutu, ba komai, ba abinda ka rasa tunda aljihunka ba komai. Abinda kake nema shine idonka ya saba da farkon kowane motsi.

Ga waɗanda zaka fi gani. Tana takowa a hankali kamar bata damu ba, wannan tarko ne, jira take ka ɗaga kwalba ta zabura. Don haka kar ka sha magani don kawai ka ga akwai tazara, ka sha ne bayan ta gama jerin sara tana maida numfashi. Akwai wanda hannunta na ƙarfe yake yin tartsatsi da ƙara sai ta zubo sara uku da sauri sannan ta ɗan dakata ta kawo na ƙarshe, mutane da yawa na ukun suke gocewa su saki jiki sai na ƙarshen ya same su. Akwai suka da take ja da baya ta miƙo takobi daga nesa, ka yi birgima gefe ko cikinta, bayansa akwai damar sara. Akwai wanda take tashi sama kaɗan ta sauko da takobin ƙasa, ka jinkirta birgimar sai tana saukowa. Akwai shuri. Sannan akwai cafka, zata ɗan tsuguna ta zabura da hannu a buɗe, in ta kama ka sama zata wurga ka ta tare ka da tsinin takobi, in jininka bai cika ba shikenan, in ma ka rayu ta sha da yawa. Shi wannan garkuwa bata tare shi, birgima kawai, amma in ta kuskure ka to ka samu dama mai kyau.

Gaba ɗaya birgima zuwa cikinta ko gefenta tafi birgima baya, domin takobinta dogo ne kuma tana bin mutum, wanda yake ja da baya kullum a bakin tsinin yake ƙarewa. Kuma ƙa'idar sara a nan ɗaya ne ko biyu ka janye. Kamar ɗan damben da ya san aikinsa ne, baya sakin hannu sai ya ga kafa, in ya saka kuma baya tsayawa kallon abinda ya faru. Sau da yawa saranka zai katse ta har ka ji daɗi ka ƙara na uku, to a na ukun ne take shiga motsin da sara baya katsewa ta rama ta cike abinda ka cire. Ka kuma bar ɗan koren layi ko yaushe, wanda ya ƙarar da numfashinsa a sara bashi da na birgima.

Masu iya kaɗe sara da ƙaramar garkuwa, tana kaɗuwa, amma sai ka kaɗe sau uku kafin ta buɗe maka sukan ciki, kuma shuri da cafka basa kaɗuwa. Hanya ce mai kyau in hannunka ya riga ya saba, in bai saba ba kar ka fara koyonta a kan Malenia.

Mataki na huɗu, Waterfowl Dance

To ga inda ake yinta. Wannan motsin shi ya sa sunanta ya zagaya duniya kuma shi ke kashe mafi yawan mutane. Bata fara shi sai jininta ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu ko ɗan fiye, daga nan kuma kowane lokaci tana iya yi. Alamarsa, zata yi tsalle sama ta tsaya cak a iska da takobi a ɗage na ɗan lokaci, sannan ta sauko da guguwar sara kashi uku, tana bin ka a kowanne, kuma a ƙarshen na ukun akwai wani ragowar sara da ke fashewa a inda ta tsaya. In na farkon ya kama ka sosai ko da Vigor 60 da wuya ka fita.

Abu na farko shine tazara. Da zarar ka ga jininta ya kai wajen nan ka rage haɗama, sara ɗaya ka fita, ka dinga zama nesa kaɗan kana jiran ta yi shi. In ta yi ta gama yawanci kana da ɗan lokaci kafin ta sake, a lokacin ne zaka matsa mata.

In ta tashi kana da tazara, ka juya ka riƙe O ka zura da gudu kai tsaye nesa da ita, kar ka yi birgima don birgima bata kai gudu nisa ba, guguwa ta farko zata ƙare a bayanka, in ka ji ta matso sosai ka ƙara da tsalle a ƙarshe. Sai ka juyo ka fuskance ta, zata ɗan dakata ta zaburo na biyu, shi wannan cikinsa zaka yi birgima, ka nufe ta kai tsaye daidai lokacin da ta taso, zata wuce ka. Na uku zata ɗan ɗaga sama ta juyo, ka sake birgima ta wajenta ka bi ta ƙarƙashinta ta tsallake ka, sannan ka matsa baya kar ka ruga kai sara, ka bar ragowar nan ya fashe tukunna. Abinda ke da wuya a nan zuciya ce ba yatsa ba, domin duk jikinka cewa yake ka gudu baya a na biyu da na uku, kuma bayan nan ne mutuwa take.

In kuma ta tashi kana manne da ita, gudu bazai fitar da kai ba. Hanyoyi uku ne. Ta farko Freezing Pot, tana rataye a iska ka wurga mata da bokis, sanyin yana kamata ta faɗo motsin ya lalace gaba ɗaya. Amma ka lura, in sanyi ya riga ya kamata daga makaminka tukunyar bazata sauko da ita ba, don haka mai wannan dabarar gara ya riƙe makamin zubar jini ya bar sanyin don wannan lokacin, kuma ka ajiye tukunyar a kan layin kayanka tun kafin, ba lokacin lalube bane. Ta biyu Bloodhound's Step, fasahar da ake samu wajen mahayin dare a gadar kusa da Lenne's Rise, ka saka ta a ƙaramar wuƙa ko a makaminka ka dinga danna L2 kana ficewa, an rage mata ƙarfi amma har yanzu tana fidda mutum. Ta uku ita ce ta ƙwararru, ka saki kullin R3 ka zagaya ƙarƙashinta tana sama don ta rikice wajen saiti, tana sakin na farko ka yi birgima ka fice ta bayanta, sai ka ci gaba da na biyu da na uku kamar yadda na faɗa. Wannan tana son maimaici sosai, in ka iya ta kuwa ka gama da tsoron Malenia.

Garkuwa mai tare sara ɗari bisa ɗari tana iya ɗauke maka guguwar farko in ba yadda zaka yi, zata sha jini amma kana raye, sai ka goce sauran biyun. Gara hakan da mutuwa, amma kar ya zama shine tsarinka.

Mataki na biyar, zagaye na biyu

In ka ƙarar da jininta zata faɗi, bidiyo ya shigo, ta tashi da fukafukan malam buɗe littafi a matsayin Goddess of Rot, jininta ya dawo wajen kashi 80 cikin ɗari. Kullum da abu ɗaya take buɗewa, Scarlet Aeonia, zata tashi sama ta dunƙule ta faɗo inda kake sannan wata ƙatuwar fure ta buɗe ta fashe da ruɓa. Ana dawo maka da iko ka fara gudu gefe ko ka nufi ƙarƙashinta ka wuce, ka yi birgima lokacin da take faɗowa, ka ci gaba da gudu har ka fita daga da'irar furen. Bayan ta fashe Malenia tana zaune a tsakiya na daƙiƙu masu ɗan yawa bata motsi, wannan ita ce babbar kyautar faɗan. Ka sha magani, ka sabunta Golden Vow, in kana da abin jifa ko tsafi ka zuba mata. Mai takobi ya jira ganyen furen su fara bajewa sannan ya shiga da saran tsalle, in ka shiga da wuri ruɓar zata cika maka layi.

Yanzu duk motsinta na farko suna nan har da Waterfowl, kuma saranta yana tara maka ruɓa. In ruɓar ta kama ka kar ka rikice ka tsaya shan magani a gabanta, ka goce jerin da take yi tukunna sannan ka haɗiye Boluses, ruɓa a hankali take ci, takobi kuwa nan take. Sabbin abubuwa biyu zaka kula dasu. Akwai wanda take sauko da takobi ƙasa sai wurin ya fashe da ruɓa bayan ɗan lokaci, a zagayen farko nan wurin rama sara ne amma yanzu ka fice tukunna. Sai wanda take tashi sama ta turo inuwoyinta ɗaya bayan ɗaya kowacce da sara ko suka sannan ita da kanta ta biyo da suka daga sama, in kana nesa ka zura da gudu gefe guda kana birgima duk sanda ɗaya ta iso, ka ajiye numfashin birgima ta ƙarshe don ita kanta, nan ne ake yawan mutuwa.

Abin daɗin shine har yanzu bata da nauyin tsayuwa, zubar jini da sanyi suna kamata, kuma takan sake yin furen a tsakiyar faɗa ta sake baka wannan damar. In ka iso zagaye na biyu da kwalabe bakwai ko takwas kana kan hanya. In kana isowa da ɗaya ko biyu to matsalar tana zagayen farko, ka koma mataki na uku ka ƙara zama a kai. Kuma in ka ga ka fara mutuwa a saran da ɗazu kake gocewa cikin sauƙi, hannu ya gaji ne, ka ajiye fad ka tashi ka sha ruwa ka dawo anjima ko gobe. Masu bugawa a gidan gem da kuɗin awa ko masu fama da ɗaukewar wuta, ku ware zama guda na koyon Waterfowl kaɗai, yafi ku ƙona awa uku kuna shiga da fushi.

Bayan ta faɗi

Zaka samu runes 480,000, ka koma wurin hutawa ka kashe su nan take kafin wani ƙwaro ya raba ka dasu. Zaka samu Remembrance of the Rot Goddess, ka kai wa Enia a Roundtable Hold ta canza maka ko dai takobinta Hand of Malenia mai neman Dexterity 48 da Strength 16, wanda L2 ɗinsa Waterfowl Dance ne da kanka, ko kuma addu'ar Scarlet Aeonia mai neman Faith 35. In kana son duka biyun ka kwafi Remembrance ɗin a ɗaya daga cikin kaburburan nan masu tafiya waɗanda ke da ƙararrawa, kuma sulkenta da hular nan mai fukafuki suma Enia ke sayarwa. Great Rune ɗinta sai ka kai shi Isolated Divine Tower kafin yayi aiki, ta ƙofar tsafin da ke Divine Bridge a Leyndell ake zuwa, yana dawo maka da jini in ka rama sara da wuri bayan an sare ka amma yana rage ƙarfin kwalbarka, don haka ba kowa yake jin daɗinsa ba.

In ka huta ka dawo ɗakin zaka tarar da fure a inda ta faɗi. Wanda ya bi labarin Millicent har ƙarshe ya taimake ta ya karɓi Unalloyed Gold Needle, ya kawo allurar wajen furen nan zai samu Miquella's Needle da Somber Ancient Dragon Smithing Stone guda. Ita wannan allurar ce kaɗai ke cire wa mutum Frenzied Flame in ya riga ya karɓi wannan wutar da ke ɗaure shi da ƙarshen labari guda kuma yana son wani ƙarshen labarin daban, amma bata aiki ko ina sai a filin da ake faɗa da Dragonlord Placidusax a Farum Azula.